Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Tartu.
Kogi ya daskare tun makon jiya,
bas ta ƙarshe ta wuce, ba kowa ciki sai direba.
Ga ni gaban baƙin allo,
ɗan farin ɗigo yana ƙifta mini ido,
yana jiran in yi magana.

Da safe Signe ta ofishin kuɗi ta bar mini takarda:
"Piret, gajimaren nan yana cin Yuro kamar gara.
Ki rage kaya kafin wata ya mutu."

Gajimare suke ce masa.
Na taɓa zuwa can: rumfar ƙarfe ce a bayan gari,
fankoki suna huci dare da rana,
wayoyi sun sarƙe kamar yaɗon kabewa,
kuma bai taɓa zubar da ko ɗigo ba.

Na buga umarni: jero mini hotuna.
Suka zubo, ɗari biyu da sha bakwai.
Kowane hoto na'ura ce da aka naɗe tana barci,
iri ne ƙulle a tsumma.
Kira sunanta, ta farka.
Kira sau goma, goma su miƙe
kamar an tsaga kara.

Sunayensu ma abin dariya:
gwaji, gwaji-biyu, gwaji-na-ƙarshe,
na-ƙarshe-da-gaske,
wannan-yana-aiki-ban-san-dalili-ba.
Iyayensu sun canja wurin aiki tuntuni,
sun bar mana marayu suna cin haya.

Magana zarar bunu ce,
a nan kuwa ba mai ce miki "kin tabbata?"
Harafi ɗaya ya zame,
gobe wani ɗakin magani ya wayi gari bai san marasa lafiyarsa ba.
Shi ya sa nake tambayar kowanne sau uku:
wa ya haife ka,
yaushe aka tashe ka,
akwai mai jingine da kai?
In shiru ya amsa, sai in ce goge.

Goge. Goge.
Shayi ya huce, baƙin burodi ya bushe a faranti.
Goge.

Na ɗari da tara ya ƙi.
Allo ya ce: wannan yana da kariya.
Na duba suna: asabar-da-ruwa.
Na duba mai shi: Ülo.

Ülo da ya zaunar da ni a kujerar nan shekara shida baya,
mai bugu da yatsu biyu kamar kaza na tsattsagar tsaba,
rigarsa kullum da ƙanshin kifi mai hayaƙi.
Shi ya ce mini, "Karanta layinki kafin ki sake shi,
allo ba ya jin ban haƙuri."
Mun binne shi lokacin da ƙanƙarar kogi ta fara tsagewa.

Ban goge ba. Na tashe shi.
Daƙiƙa arba'in,
na'ura ta buɗe ido ba ta san ya mutu ba.
A bakin ƙofa ta miƙo mini saƙo:

"Piret, in kina karanta wannan, shara kika zo.
Ba komai ciki sai agogo da na gyara.
Cire kariyar, ki goge.
Sannan ki tafi ki kwanta, na san dare ne."

Na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo.

Na lissafa: gigabayit biyu.
Hayarsa a wata ba ta kai kuɗin kofin shayi ba.
Na rubuta umarnin cire kariya,
na karanta layina kamar yadda ya koya mini,
na sake karantawa,
sai na bi shi da baya, harafi harafi, har ɗigon ya koma gida.

Na kashe na'urar, hoton ya koma barci.
A rahoton Signe na sa:
an goge ɗari da sittin da uku,
saura ana amfani da su.

Rabin umarninsa na bi.
Na ɗauki hula, na fita cikin dusar ƙanƙara.